Kafaɗar Mai Gadin Madatsa

Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya Mai Gadin Madatsa ya kashe Voula Karidis kafin safiyar Litinin. Ba ita ta ƙirga ba, wasan ne da kansa yake ƙirgawa, yana rubuta mata adadin a gefen allo kamar mai neman tsokana. Shekara ashirin da uku ke nan tana rubuta sharhin wasannin bidiyo a wata mujalla ta nan Adelaide, tun ana buga ta a takarda har ta koma intanet, kuma ba a taɓa yin dodon da ya zaunar da ita kwana biyar a wuri ɗaya ba sai wannan.

Sunan wasan Tafkin Gishiri. Irin waɗannan ne da za a ba ka mutum ɗaya da tsohon takobi, a sake ka cikin ƙasar da ta lalace, kana tafiya kana ƙara ƙarfi, duk abin da ka gamu da shi kuma so yake ya ga bayanka. Wani ɗan kamfani mai mutum bakwai a Port Adelaide ne ya shekara huɗu yana ƙera shi. Rabin farkonsa ya tafi da hankalin Voula ƙwarai. Ta so farin filin nan mara iyaka, da ƙarar gishiri a ƙarƙashin ƙafa, da yadda wasan ba ya lallashin kowa amma ba ya zalunci: in ka mutu, ka san laifin da ka yi. Sai ta iso wata tsohuwar madatsar ruwa, inda wani ƙato ke tsaye riƙe da ƙugiyar ƙarfe, hanya kuma ɗaya ce, ta bayansa take. Duk sauran dukansa ta gane su tun ranar farko. Guda ɗaya ne ya gagare ta. Yana tsaye shiru, ba ɗaga hannu, ba ja da baya, sai kawai ka ga ƙugiya ta riga ta shige ka.

Masu wannan sana'a suna da al'adarsu. Kamfani yakan ba su wasa kafin ya shiga kasuwa, bisa sharaɗin ba wanda zai ce uffan sai ranar da aka tsayar, wannan karon kuwa Alhamis ce, ƙarfe tara na safe. Ita Voula tana da nata sharaɗin daban, wanda ta ɗora wa kanta tun farkon fara aiki har mujallar ta mai da shi doka: ba a ba wasa maki sai mai sharhin ya ga ƙarshensa da hannunsa. A ƙasan kowane rubutu nata akwai ɗan layi ɗaya, "An kammala", da yawan awoyin da ta ci. Da wannan layin ta yi suna. Masu karatu sun zage ta a kan komai, daga makin da take bayarwa har zuwa askin kanta, amma ba wanda ya taɓa cewa ta yi masa ƙarya.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne babban yatsanta na dama. Tun sanyin bara yake mata ciwo daga gindi, da safe ya sandare sai ta yi ta murza shi. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na mahaifiyarta, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Shekararta hamsin da biyu. Saboda haka duk lokacin da ƙugiyar nan ta same ta, tambaya ɗaya ce ke taso mata: wasan ne ya zalunce ta, ko kuwa hannun ne ya ƙare? Tana tsoron amsar, tsoro na gaske, domin ba ta iya wani aiki ba a duniya ban da wannan.

Da hantsin Litinin Des Tuohy ya kira ta. Shi ne editan mujallar, mutumin kirki ne, sai dai ranar ƙarshe ta miƙa aiki kan sa ya manta da kirkinsa. Ya shaida mata cewa kamfanin ya ji koken masu sharhi, ya aiko wa kowa wani fayil da zai ɗauke ka ya dire ka a bayan madatsar, ƙaton yana kwance, ba ka ɗaga takobi ba. Ya ce kowa ya karɓa. Hamish Orr na Sydney ma, wanda ya fi kowa cika baki a kan ƙwarewa, tun Asabar ya lallaɓa ya tsallake.

"Voula, ba wanda zai sani," in ji Des. "Ki ƙetare ƙaton nan, ki ga ƙarshe, ki ba ni lambar makin, kowa ya huta."

"Ni zan sani."

"To ke kaɗai ce. Ke da wa za ki yi faɗa?"

Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, Alhamis da sauran nisa. Ya ce ita dai taurin kanta ya fi na ƙaton, ya kashe waya. Ta zauna tana kallon kofinta yana hucewa, sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a tsawon aikinta. Ta rubuta wa kamfanin cewa ba ta son fayil ɗinsu, so take ta zo ta ga wanda ya tsara faɗan nan yana yin sa a gabanta.

Ran Talata ta hau jirgin ƙasa zuwa Port Adelaide. Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman wani gidan burodi, ƙamshi yana hawowa ta matakala, tebura a cunkushe, wayoyi a ƙasa kamar taliya. Wanda ya tare ta a bakin ƙofa Tevita Fonua ne, ɗan asalin ƙasar Tonga haifaffen nan, faffaɗan mutum mai sanyin murya, shi ne ya tsara duk faɗace-faɗacen wasan. Ya ƙi kiran sunanta, sai Anti. Ya ce tun yana makarantar sakandare yake tsayawa a kantin jaridu yana karanta shafinta a tsaye har mai kanti ya kore shi, kuma jiya da ya ji za ta zo bai iya cin abincin kirki ba. Ta ce masa da ganinsa rashin cin kwana ɗaya ba zai yi masa illa ba. Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, sauran mutum shidan suka saki jiki.

Ya ja mata kujera, ya ɗauki rimot, ya shiga madatsar. Yana faɗan yana ba ta labarin 'yarsa da ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci alhali muryarta kamar ta agwagwa. Ƙugiya ta zo, ya mirgina. Ta sake zuwa, ya sake mirginawa, ko kallon allon sosai ba ya yi. Cikin minti uku ƙaton ya faɗi. Don ya ƙarfafa mata gwiwa, bawan Allah, sai ya ƙara da cewa ai kowa a ofishin yana kayar da shi, har Marnie mai haɗa kiɗa, wadda ba ta ma damu da wasanni ba. Voula ta kau da ido daga allon. Ta ɓoye hannunta na dama a cikin aljihun rigar sanyinta.

"Ta yaya kake sanin lokacin kaucewa?" ta tambaye shi.

"Kafaɗarsa, Anti. Kafin wannan saran yakan sauke kafaɗar hagu, kusan rabin daƙiƙa. Da kin ga ta sauka, sai ki mirgina."

"Sau ɗari biyu da sha ɗaya ina kallon mutumin nan. Ban ga kafaɗa ba."

"Tana nan. Yanzu ma na gan ta."

"Nuna mini."

Ya mayar da faɗan farko, ya rage gudun wasan har ƙaton ya koma motsi kamar mai tafiya cikin ruwa. Suka zuba ido. Ƙato yana tsaye, yana tsaye, sai ƙugiya ta fito. Kafaɗa ko gezau. Tevita ya ce bari ya sake. Ya sake, ya kuma sakewa hoto bayan hoto, hancinsa ya kusa taɓa allon. Sauran suka taso ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bayansu.

Ba su yi rabin awa suna tono ba suka gano abin da ya faru. A watan Maris sun sake zana jikin ƙaton, sun ƙara masa wata doguwar riga, a wajen mai da motsinsa kan sabon jikin sai saukar kafaɗar ta salwanta. Wata bakwai ke nan. Ba wanda ya lura, domin su bakwai ɗin su ne masu ƙerawa, su ne kuma masu gwadawa, don tsoron kada sirrin wasan ya fita ba su taɓa miƙa wa baƙo rimot a wannan wurin ba. Sun yi faɗan nan sau dubbai tun kafaɗar tana nan, har yatsunsu suka haddace ƙidayar. Hannu yana kaucewa da kansa, ido kuma yana cika musu abin da babu. Tevita ya rantse da gaske ya ga ta sauka ɗazu, kuma na yarda ba ƙarya yake ba.

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce shekara huɗu yana gaya wa duk mai saurare cewa wasansu mai wuya ne amma ba ya yaudara, ashe a wurin da ya fi alfahari da shi ne yake yaudarar mutane. Ya ba ta haƙuri ya fi sau biyar. Ya ce ko zai kwana a kujerar zai mayar da kafaɗar, gobe da safe gyaran zai same ta, ran Alhamis kuma duk wanda ya sayi wasan zai same shi a gyare.

Voula ta tausaya masa, amma ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya cika ta. Ta sauko matakala kamar yarinya, ta shiga gidan burodin ta sayi kek har biyu, ta cinye ɗaya tun a tashar jirgi. Ashe ba hannunta ba ne. A cikin jirgi ta fiddo yatsan daga aljihu ta dube shi, ta ji kunyar zargin da ta yi kwanaki tana yi masa. Ta aika wa Des saƙo cewa ya tanadi wurin lambarsa, gobe kafin la'asar za ta ga ƙarshen wasan.

Gyaran ya iso ƙarfe takwas na safiyar Laraba. Ta dafa kofi, ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta zauna. Ƙaton yana nan inda ta bar shi. Ta matsa kusa, ta kauce wa dukan da ta sani, sannan ya tsaya shiru, sai ga kafaɗar hagu ta sauka, a fili, ko makaho ya kusa gani. Ta danna. Ƙugiya ta shige ta.

Ta yi dariya, ta ce ɗoki ne. Ta sake shiga. Kafaɗa ta sauka, ta gani, zuciyarta ta ce yanzu, yatsan kuma sai da ya yi shawara kafin ya tashi. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma a irin wannan wasa ita ce komai. Ta sake, ta sake. Ta canza riƙon rimot ɗin. Ta mai da maɓallin kaucewa zuwa hannun hagu, sai hagun ya rikice da aiki biyu. Ta gwada da manuniya, kamar mai koyon buga keken rubutu. Sau ɗaya ta ci rabin ransa, ta miƙe tsaye don murna, ya gama da ita tana tsaye. Kafin azahar lambar gefen allo ta kai ɗari biyu da hamsin da takwas, gindin yatsan ya kumbura ya yi zafi, ko cokali ba za ta iya riƙewa da shi ba.

Yanzu babu sauran wanda za ta ɗora wa laifi. Faɗan ya zama na adalci, ita ce ma ta sa ya zama haka. Tana ganin saran tun kafin ya taso, ta san abin da ya kamata a yi sarai, shekara goma da suka wuce da ta kayar da shi a karo na uku tana hira. Ta ajiye rimot ɗin a kan tebur a hankali, ta yi kuka sosai ita kaɗai a ɗakin, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Da ta gama ta wanke fuska, ta buɗe kwamfuta, ta fara rubutu da yatsu tara.

Ta rubuta duk abin da ta gani har zuwa madatsar, ta yabe shi yadda ya cancanta, ta kuma faɗi inda ya gaza, domin akwai wani kogo a tsakiya da ya yi tsawo ba dalili. Ta ba da labarin kafaɗar, ba tare da ta ci mutuncin kowa ba. Ta ce bayan gyara, faɗan Mai Gadi yana cikin mafi kyawun da ta taɓa gani. Sannan ta rubuta cewa ba ta wuce shi ba, ba ta ga rabin wasan na biyu ba, kuma laifin ba na wasan ba ne, na hannunta ne, ta faɗi sunan ciwon. Inda ta saba sa ɗan layinta ta bar wurin fili.

Ba a yi minti ashirin da aikawa ba Des ya kira. Wannan karon bai yi faɗa ba. Ya tambaye ta tun yaushe, ta gaya masa. Ya ce me ya hana ta faɗa, ta ce da ta faɗa da ya fara ba ta wasannin noma da kiwon kaji, yana yi mata magana a hankali kamar mara lafiya. Shi ma ya san haka zai yi.

"Dokar taki ce, Voula. In kin ce a karya ta yau, na karya. Ki ba shi takwas cikin goma, ki ba shi tara, ba mai cewa komai."

"Ban ga ƙarshensa ba, Des. Buga shi haka. Babban wasan nan da zai fito a Nuwamba kuma ka nemi wanda za ka ba."

Ya ce za su sake magana a kai. Ta ce to, su biyun kuma sun san an riga an gama maganar.

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis sharhuna suka zubo kamar an buɗe famfo. Tara, tara da rabi, goma. Wasan ya cancanci yabo, ban ce a'a ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne waɗanda aka ɗauka aka dire a bayan madatsar su ne suka fi kowa zaƙewa a kanta. Hamish Orr ya cika sakin layi uku yana bayanin cewa rashin alamar saran nan hikima ce mai zurfi, wai masu wasan suna koya mana cewa ajali ba ya sallama. Kuskuren da aka yi wajen ɗinka wa dodo riga, shi ne ya zama falsafa a Sydney. Da rana kamfanin ya fitar da sanarwa, ya amsa kuskurensa, ya gode wa Voula Karidis da sunanta. Hamish ya goge sakin layi ukun bai ce wa kowa komai ba.

Sai 'yan sharhin ƙasan shafi suka yi mata ca. Waɗanda ko awa biyu ba su yi da sayen wasan ba suka ce wata tsohuwa ta je ta yi kuka an sassauta musu dodo, a mayar musu da shi yadda yake. Wani ya ce ta koma saƙa, bai san ko saƙar ba za ta iya ba. Akwai kuma waɗanda suka rubuto a natse, wani makaniki daga garin Whyalla, wata nas mai ritaya, suna cewa su ma hannunsu ya fara, ba su taɓa ganin wanda ya faɗa a fili ba. Voula ta karanta kaɗan daga kowane ɓangare, ta rufe.

Da yammacin Juma'a tana bayan gida tana ba tumatirinta ruwa da hannun hagu, waya ta yi ƙara. Tevita ne. Ya ce ya karanta sharhuna arba'in da wani abu, duk sun ba su maki mai daɗi, an yi ta murna a ofis, amma nata ne kaɗai ya karanta sau uku, domin ita ce ta yi maganar wasan da suka yi da gaske, har kogon nan, wanda shi ma ya san ya yi tsawo. Ya ce abin da ke damunsa shi ne duk abin da ya fi so a wasan yana bayan madatsar, kuma mutum ɗaya da ya yi shekara huɗu yana fatan ta gani ita ce ba ta gani ba.

Ta ce masa kada ya damu, haka aikin yake.

"Anti," ya ce. "Kina so in gaya miki abin da ke bayansa?"

Ruwa yana ta zuba a gindin tumatir har ya fara malala zuwa takalmanta. A da, duk wanda ya yi mata irin wannan tambayar da ya sha zagi. Ta je ta kashe famfo, ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ɗora hannun daman a kan cinyarta.

"Gaya mini," ta ce. "Ka fara tun daga faɗuwarsa. A hankali, kada ka tsallake komai."